Keken Mama a Koridon Baba

Duk wanda ya tashi a gidanmu, ko daga nesa ka hango shi za ka shaida shi, don da kafaɗa ɗaya a gaba muke shiga ko'ina. Ko ƙofar da mota za ta iya bi ce, sai mun ɗan karkace. Mijina ya sha tambayata wa ya ce mini ƙofar shagon ɗinkina cizo take yi. Ba kowa ya jawo mana wannan ba illa Baba da koridonsa.

Gidan dogo ne, ba shi da faɗi. Falo da kicin suna gaba, ɗakunan kwana da banɗaki suna can ƙurya, korido kuma shi ya haɗa su. Baba malamin Turanci ne har ya yi ritaya, kuma tun yana saurayi bai taɓa wuce mai sayar da tsofaffin littattafai hannu rabbana ba. Da littattafan suka cika ɗakinsa sai suka fito korido. Aka kafa kanta a bangon hagu tun daga ƙasa har rufi. Bayan wasu shekaru aka kafa wata a dama. Abin da ya rage a tsakiya, in ka ci ka ƙoshi sai ka riƙe numfashi kafin ka wuce. In mutum biyu suka haɗu a ciki, ƙarami ne zai ja da baya, kuma da yake ni ce auta, rabin yarintata da baya da baya na yi ta. Sabuwar katifa ma ta taga aka shigar da ita.

Mama ba ta cika ƙorafi ba. In ƙawayenta suka zo suna zuga ta, sai ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasu mazan abin kunya suke tarawa a waje, nawa takarda yake tarawa a gida." Daga nan ta ɗaga farantin shayi sama da kanta ta shige a karkace.

To, Mama ce ta zame a bakin kasuwa ranar da aka yi ruwa, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, aikin ya yi kyau. Amma likitar da ke koya mata motsa ƙafa ta tara mu ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye: za ta daɗe a keken marasa lafiya, watanni ne ko fiye, Allah kaɗai ya sani. Ta ce kafin a sallame ta a tabbata keken yana iya zuwa daga ƙofar gida har gadonta, har banɗaki.

Ni da Yaya muka dubi juna. Baba ya dubi silin.

Yaya ita ce babbarmu. A banki take aiki a wani gari mai nisa, kuma ta saba in ta yi magana a ce to. Ba ta jira mun fita daga ɗakin ba ta ce, "Baba, maganar a fili take. Ko akuya ba ta bin koridon nan a miƙe, balle keke. Ni zan tafi da ita. Gidana ba matakala, ƙofofina da faɗi, ga mai aiki."

Na ji haushinta, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ta faɗa. Amma na san sauran maganar da ba ta faɗa ba. Baba ba zai bi su ba, don ko bikin ɗan Yaya da ƙyar aka fitar da shi, kwana ɗaya ya yi ya gudo. Kuma tsohuwa in ta tafi jinya gidan 'yarta, aka gyara mata ɗaki, ta saba da jikoki, ba kasafai take dawowa ba. Mutum biyun da tun kafin a haife mu ba su taɓa raba kwano ba, ga shi katako da takarda za su raba su.

Na juya wurin Mama na ce, "Ke me kika ce?"

Ta gyara mayafinta ta ce, "Duk abin da kuka yanke." Tun faɗuwar nan haka take amsa komai. Matar da ke faɗa da mai nama a kan ƙashi, ta koma sai a kwantar a tayar. Wannan ya fi karayar tayar mini da hankali.

A ƙarshe Yaya ta yarda da sharaɗi. Ranar sallama za ta fara kawo Mama gida. In keke ya shiga har ɗaki, shi ke nan. In bai shiga ba, ba za ta ma kashe mota ba.

Washegari na rufe shago na tafi wurin Baba da kwalaye da igiya, na ɗaure ɗankwali tamau don na san yaƙi zan yi. Na same shi tsaye a bakin koridon, tabarau a kan hanci, da wani ƙaton ƙamus a buɗe bisa hannunsa.

"Auta, kin san daga ina kalmar nan ta zo?"

"Wace kalma, Baba?"

"Korido mana. Kuna ta faɗinta kamar gadon gidanku. Su kansu Turawan Ingila aro suka yi daga Faransawa, Faransawa kuma daga mutanen Italiya. Tushenta kalmar da ke nufin gudu ce. Da farko ba a cikin gida ma take ba. Hanya ce da ke bin ganuwar sansanin soja, inda mayaƙa ke sheƙawa daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da abokan gaba sun gan su ba. Wurin gudu ke nan."

"Baba, a namu ko tafiya ba a yi."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya lashi yatsa ya bi layin. "Daga baya ta shigo gida, ta zama doguwar hanyar da ɗakuna ke buɗewa cikinta. Ta shiga jirgin ƙasa. Ƙasar da ba ta da teku in aka yankar mata siririn fili ta bi ta ƙasar maƙwabta ta isa ruwa, shi ma sunansa ke nan. Jiragen sama suna da nasu a sararin samaniya. Har namun daji ana bar musu nasu tsakanin daji da daji, don kar gonaki su raba giwa da danginta."

Na san Babana. In abu ya tsorata shi, ƙamus yake buɗewa. Ranar da aka shiga da Mama ɗakin tiyata, sai da ya yi wa wani direban tasi bayanin asalin kalmar asibiti har mutumin ya canza benci. Don haka ban yi masa tsawa ba, ko da yake ta zo mini har maƙogwaro. Na dai ce, "To Baba, duk ma'anonin nan da ka lissafa, akwai wadda ta ce wurin ajiya ne?"

Ya rufe littafin a hankali. Sannan ya ce, "Ina son uwarku ta dawo gidanta, Auta. Ban san yadda ake kwana a gidan nan ba ita." Ban taɓa jin ya faɗi magana irin wannan ba, sai na rasa inda zan sa idona.

Muka fara aiki. Muka cika tsohon ɗakina har rufi, muka cika na Yaya, muka cusa a ƙarƙashin gadaje da bayan kujerun falo, har saman firji bai tsira ba. Sai gidan ya ƙoshi, babu masaka tsinke, alhali ko rabin littattafan ba mu kwashe ba. Na ce a kira masu saye. Baba ya dube ni kamar na ce a sayar da Yaya. Na ce to a kai makarantar da ya koyar. Ya ce yara za su yage su su ƙunsa gyaɗa.

Da safe ya kira ni a waya, muryarsa har rawa take don murna. "Zo ki ga dabara! Keke ai ba shi da tsawo. Mutumin da ke zaune, me zai yi da sararin da ke sama da kansa?"

Dabarar ita ce a yanke kantocin daga ƙasa zuwa daidai ƙirjin mutum, hagu da dama, a bar na sama a rataye da littattafansu. Ƙasa ta buɗe wa keke, sama ta zauna yadda take. Wallahi da na ji sai na ga hikima ce. Muka ɗauko kafinta, wani mai fara'a da fensir a bayan kunne. Ya duba ya ce zai yiwu, amma sai an ɗaure na saman da ƙarafa a jikin bango, in ba haka ba wata rana ilimi zai faɗo wa wani a ka. Ya yi kwanaki yana zarto yana buga ƙusa, gidan ya cika da garin katako. Da ya gama sai ga bangon da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, ashe shuɗi ne.

Muka aro keke a wurin wata maƙwabciya da mijinta ya rasu. Baba ya ajiye shi a bakin korido, ya kama mariƙi ɗaya da hannun dama, ya juya kafaɗa yadda ya saba, ya bi shi a baya. Keken ya tafi sumul har ƙofar ɗaki, ya shiga banɗaki ya fito. Na tafa, kafinta ya tafa, Baba ya cire tabarau ya goge. Ni da nake auna kafaɗun mutane tun safe har yamma, tef a wuyana, ban ga komai ba. Idon da ya saba da karkace ba ya ganin karkace.

Ranar sallama Yaya ta iso da rana tsaka. Ta tsaya a ƙofar gida, kuma kamar yadda ta yi alkawari ba ta kashe motar ba. Jakar Mama tana kujerar baya. Muka sauko da Mama muka zaunar da ita a kekenta. Ta rame, hannayenta a kan cinya, tana kallon gidanta kamar baƙuwa.

Baba ya sa rigarsa mai kyau. Ya ce, "Uwar ɗakina, sannu da zuwa." Haka yake kiranta in yana neman sulhu. Ya karɓi keken daga hannuna, ya tura ta cikin falo da hannu biyu yana taƙama, har bakin korido.

Yaya ta leƙa ta ga aikin. Ta buɗe baki ta rufe. Na ji daɗi har cikin raina, don ba kullum ake ganin Yaya ta rasa ta cewa ba.

Keken ya shiga. Baba ya bi shi taku ɗaya, sai kafaɗunsa biyu suka daki kantocin sama, ƙum. Ya ja baya, ya juya gefe yadda ya saba, dole ya saki mariƙi ɗaya. Ya tura da hannu guda. Amma keken da ke ɗauke da mutum ba keken wofi ba ne. Maimakon ya tafi gaba sai ya juya ya soki bango, ƙafar Mama mai ciwo ta bugu, ta ce "Wash!" ta runtse ido.

"Tsaya, tsaya, kuskure ne," in ji Baba. Ya janyo shi ya sake gwadawa da ɗaya hannun. Keken ya soki ɗaya bangon.

Na ce ya ba ni. Na duƙa na ninke kamar mai wanki, kaina a ƙarƙashin katako, na tura. Ya tafi ɗan kaɗan.

"Auta, dawo da ita," in ji Yaya. Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya sa ta fi ciwo. "Ke a nan kike kwana? In kin tafi gidanki wa zai duƙa haka? Baba, da bayansa da ko takalmi ba ya iya ɗaurewa? In ta so banɗaki sai a yi miki waya?"

Na janyo keken baya zuwa falo. Baba ya gwada duƙawar, bai kai rabi ba ya dafe ƙugu ya miƙe. Ya tsaya yana kallon aikinsa, gumi na bin wuyan rigar mai kyau. Na ji tausayinsa har hawaye suka zo mini, na kuma ji kamar in kama shi in girgiza. Ya auna keke, ya auna bango, ya auna ƙofar banɗaki, ya manta da kansa.

Yaya ta sa hannu a mariƙin. "Baba, ka yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ba rabuwa ba ce. In ta samu sauƙi zan dawo da ita."

Ana jin ƙarar motar daga waje.

"Sakar mini keke."

Mama ce. Yaya ta duƙo. "Na'am, Mama?"

"Na ce ki saki. Tun ɗazu kuna ta juya ni kamar buhun shinkafa, wannan ya tura wannan ya ja. Ƙafa ce ta karye, ba hannu ba."

Tun da aka ba ta keken nan ba ta taɓa taɓa tayarsa ba. Likita ta yi lallashi har ta gaji. Yanzu sai ga shi ta naɗe hannun riga, ta kama ƙarfen tayoyin biyu, ta tura. Keken ya yi gefe. Ta yi tsaki ta gyara. Ya goge bango ya bar baƙin layi a kan shuɗin. Ta sake gyarawa, ta shige ƙarƙashin littattafan.

Baba ya bi ta a karkace, hannunsa a miƙe bai taɓa komai ba, yana ta "A hankali, a hankali, ɗan yi dama."

"Malam, rufe mini baki, ba aji ba ne."

Wallahi ban taɓa jin daɗin masifar Mama irin na ranar ba. Na rungume Yaya ina dariya ina kuka, ita kuma ta ƙame tana leƙe ta saman kaina. Mama ta tsaya a tsakiya ta huta, numfashinta muna jinsa daga falo. Sannan ta ci gaba, kaɗan-kaɗan, har ta kai ƙofar ɗakinta. Ta yi ta fama har ta juya keken ta fuskance mu.

"Ke babba," ta kira, tana haki. "Kashe motar nan, ki shigo mini da jakata."

Yaya ta fita ba musu. Ƙarar ta ɗauke.

Mama ta ɗaga kai ta dubi Baba, wanda ke maƙale tsakanin kantocinsa.

"Malam, yau na iya. Gobe ma wataƙila in iya. Amma akwai ranar da hannun nan zai gaji, ko zazzaɓi ya kama ni. Ranar nan ba 'ya'yana nake so su tura ni ba, suna da gidajensu. Kai nake so. Ban taɓa roƙonka komai a kan takardun nan ba, ka sani."

"Na sani," in ji shi.

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Yaya ta dawo da jakar. Sai Baba ya ɗaga hannu ya zaro littattafai cike da hannu daga kantar da ta daki kafaɗarsa, ya tako a karkace zuwa falo, ya ɗora wa Yaya a kan jakar.

"Baba, me zan yi da su?"

"Ɗakin da kika gyara wa uwarku, kin ce yana da faɗi?"

"Yana da faɗi."

"To ai motarki ba za ta koma wofi ba. Ki sa su inda ba danshi. Kuma ki gaya wa yaranki zan riƙa zuwa ina duba su, kar in ga an naɗe mini shafi."

Yaya ta dube shi. Shekara nawa tana roƙon ya zo gidanta yana kawo uzuri. Leɓenta ya fara rawa, ita da ba ta kuka a gaban mutane, sai ta juya da sauri ta yi waje da kayan.

Muka yi layi. Baba yana saukewa, ni ina karɓa, Yaya tana jerawa a mota. Na kira kafinta, ya zo yana dariya yana cewa bai taɓa kwance aikin da fentinsa bai bushe ba. Mama tana daga ƙofar ɗaki tana ba da umarni kamar ba ita ce ta yi makonni ba ta magana ba: a share nan, a ɗauke ƙusar can kar ta fasa mata taya, wa ya bar mata labule ya yi datti haka. Da ta ga Baba ya ɗauko ƙaton ƙamus ɗinsa zai miƙo mini, sai ta ce, "Kai, ku bar masa wannan, kar ya mutu mana."

Motar ta cika tun ba a gama bango ɗaya ba. But ya cika, kujerar baya ta cika, ta gaba ma an ɗaure mata bel a kan kwali. Yaya ta ce za ta turo babbar mota ta kwashi sauran. Ta tafi da la'asar, bayan motar ya durƙusa kamar zai taɓa ƙasa, tana ɗago mana hannu ta taga.

Da na koma ciki, kafinta ya riga ya sauke kantocin hagu gaba ɗaya, ragowar littattafansu an jibge su a tsakar falo. Bangon duk ramukan ƙusa ne da ƙura, ba kyan gani. Baba ya taka har ƙofar ɗaki, ya zagaya bayan keken, ya kama mariƙin da hannu biyu. Kafaɗarsa ta dama tana ɗan gogar katakon da ya rage, amma ya tsaya a miƙe.

Ya sunkuyo kusa da kunnenta ya ce, "Uwar ɗakina, ina za mu?"

Mama ta jingina bayanta, ta ɗora hannayenta a cinya, ta lumshe ido.

"Ko'ina," ta ce. "Kai dai tura."